Bulon Da Na Jefo Daga Baranda

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah a sa mini wannan ba tare da sunana ba, kuma don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Litinin, don bayan Litinin ban san ko shawarar za ta yi wa kowa amfani ba. Sunayen da za ku gani duk na canza su. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama zagin ya gaya mini abin da zan yi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Sakkwato, na haura shekara arba'in, ina da mata da yara huɗu. A gidan haya aka haife ni a Gidan Igwai, a gidan haya mahaifina ya rasu, ni ma har yau a haya nake. Duk wanda ya taɓa zama inda mai gida zai shigo ya ce ka cire ƙusar da ka buga a bango, ko ya ce yaranka sun cika hayaniya, ya san abin da ke cin raina. Tun ina saurayi na ɗaukar wa kaina alkawari cewa ranar da zan yi gini ba irin na kowa zan yi ba, gidan da mai wucewa zai taka burki ya tambayi na wane ne, shi zan gina. Kuma gaskiya ina da zuciya, wannan kowa ya sani, ko a ofis in na fara ɗaga murya tashi ake yi a bar mini wurin. Matata ta daɗe tana cewa zuciyar nan wata rana za ta kai ni inda ba zan iya dawowa ba, ni kuma in ce mata ta ji da tukunyarta.

Shekara huɗu da suka wuce na samu fili a Dundaye, can bakin gari. Wani dattijo da zan kira Baba Alu ne ya yanka mini daga gonar geronsa, gidansa kuma manne yake da filin. Gidan ƙasa ne irin na da, zaure, rumbuna biyu, tsakar gida a buɗe, makewayi ba rufi. Shi da 'ya'yansa maza uku da matansu duk a ciki suke, noman shinkafa suke yi a fadama. Babban ɗan zan kira shi Bello, ƙaton mutum ne, ba ya yawan magana. Ranar da aka buga turaku Baba Alu da kansa ya fito mana da ƙwaryar fura, ya yi addu'a, ya ce ya gode Allah ya samu maƙwabci ɗan boko da zai riƙa karanta masa takardar asibiti.

Hoton gidan da zan gina a waya na gan shi, irin ginin Abuja, bene, rufi a ɓoye bayan bango, tagogin gilashi tun daga sama har ƙasa, sai baranda a sama da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Barandar nan ita ce ta tafi da ni. Na kai wa mai zane, na ce ya juya ta ta fuskanci fadama, don in zauna da yamma ina shan shayi ina kallon koren shinkafa. Abin da ban damu in lura da shi ba, tsakanin filina da fadama gidan Baba Alu ne a shimfiɗe.

Ginin ya ba ni wahala ba kaɗan ba. Shekarar farko aka haƙa fandisho, ruwan sama ɗaya ya cike ramin da rairayi, aka sake haƙawa. Aka kawo bulo mota guda, ina murza shi da hannu yana zubewa kamar garin kwaki, na mayar. Maginin farko ya ɗora mini bango a karkace, da na yi magana ya ce idona ne, na kwashe shi da mari a gaban leburorinsa na watsa masa kayan aikinsa waje. Aiki ya tsaya wata bakwai, siminti ya tashi, rodi ya tashi, abokan aiki suna tsokanata wai na gina wa awakin Dundaye wurin shan inuwa. Sai Allah ya haɗa ni da wani magini da zan kira Bitrus, asalinsu mutanen Filato ne amma a nan ya girma, yana zaune wajen Arkilla da matarsa malamar firamare da yara uku. Ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba. Bulo ɗaya ba ya ɗorawa sai ya ja igiya, da sassafe shi ke fara zuwa ya shayar da bango ruwa, ko buhun siminti ya rage rabi sai ya ɗaure bakinsa ya nuna mini. Shi ya rushe karkataccen bangon ya tayar, shi ya kai ginin linta, shi ya tsaya a kan dakin, wato kankaren da ake zubawa a ɗora bene a kai. Ranar da aka zuba dakin ɗin nan matata ta dafo shinkafa da wake aka raba wa leburori, ni kuwa na koma cikin mota na yi hawaye, ina tuna mahaifina.

Akwai abin da duk ɗan garin nan ya sani, ni ma da shi na tashi. In namiji zai hau sama, ko yaɓen soro zai yi ko sassaben bishiya, sai ya aika wa maƙwabta ko ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, don mata su shiga ɗaki ko su kimtsa. Bitrus ba Musulmi ba ne amma ya fi ni riƙe wannan. Tun da gini ya wuce tsayin katanga, kullum kafin kowa ya taka tsani sai ya je zauren Baba Alu ya yi sallama ya faɗa. Da aka fara aikin sama ya sayo zana ya ɗaɗɗaura a jikin gorar da aka kafa don hawa, ta gefen gidan Baba Alu, ta tare ido gaba ɗaya. Kuma shi ya fara ce mini, Oga wannan baranda cikin gidan mutane take kallo, har makewayinsu, mu juya ta titi tun ba a zuba kankare ba. Na ce masa an ɗauko shi ya ɗora bulo ne, ba ya koya mini zane ba.

Bayan an zuba barandar Baba Alu ya same ni a wurin ginin, ya ja ni gefe don kada leburori su ji. Ba zan manta maganarsa ba.

"Ɗana, roƙonka nika yi. Wanga abu da kag gina bisa, tsakar gidana shika kallo. Mata na ciki, sarakkunaina da jikokina. Ka taimake ni ka tare wajjen nan."

Na ce masa ina da takardar izinin gini da hatimi a kai, kuma ƙasa ya sayar mini, bai ce ban da sama ba. Wallahi haka na gaya wa tsohon da ya haifi kamata. Ya kaɗa kai ya tafi. Washegari Bello ya zo, muka yi ta sa-in-sa har muka cakumi kwalar juna, Bitrus ne ya shiga tsakani. Magana ta kai gaban mai unguwa, aka zaunar da mu, aka yanke cewa in tayar da bango a gefen barandar da ke kallon gidansu, ya wuce tsayin mutum, in ina son iska in sa bulo mai huji daga can sama. Na ce na yarda, aka yi fatiha aka tashi. Amma a baki na yarda, a raina na ce in na toshe wurin nan me ya rage, fadamar da na yi barandar dominta ta nan take. Na riƙa ja musu rai, yau in ce bulo bai iso ba, gobe in ce sai an gama fulasta. Duk tsawon bazarar nan, da zafin Sakkwato da kuka sani, matan gidan can ba su yarda da zana kaɗai ba, in ana aiki a sama a ɗaki suke wuni, girki ma sai su raɓe jikin rumbu. Bitrus ya gaya mini sau biyu, na yi biris da shi.

Ranar Asabar, yau kwana goma sha biyu, na gayyato abokaina uku na ofis, waɗanda suka fi kowa yi mini dariyar awaki, in nuna musu gida. Lokacin hantsi ne, ana fulasta a sama, gilasan tagogin da na yi wata uku ina jira sun iso an jingine su a falon ƙasa. Da muka shiga na ɗaga kai na ga zanar nan ta rufe barandar ta mayar da ginin kamar rumfar mai shayi, na ce wa Bitrus ya kwance ta za mu ɗauki hoto. Ya ce to bari ya je ya faɗa a zaure tukuna, don da safe ya gaya musu yau aikin cikin ɗakuna za a yi, ba mai fitowa baranda, matan sun saki jiki. Na ce minti biyar ne, ba sai an yi shela ba. Ya sake cewa Oga bari dai in faɗa. A gaban abokaina, sai na ji kamar ya raina ni, na daka masa tsawa na ce gidan nawa ne ko nasa. Ya hau ya kwance ta.

Muka fito baranda mu huɗu muna dariya, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga waya yana juyawa a hankali yana ɗaukar bidiyon fadama. Sai muka ji ihun mace daga ƙasa. Matar Bello ce, tana wanka a makewayin nan da ba rufi, ta ɗaga kai ta ga maza huɗu a kanta da waya. Abokina ya sauke wayar yana rantsuwa bai ɗauke ta ba, na kuma yarda bai ɗauka ba, amma wa zai gaya wa na ƙasa haka? Gidan ya kaure da kururuwa, mata suna kiran sunan mazansu, wata ta fita da gudu ta yi hanyar fadama. Abokaina suka ce mu bar wurin, na ce ba inda za ni, ai gidana ne. Su dai suka shiga motar da suka zo da ita suka tsere.

Ba a yi minti goma ba Bello da ƙannensa biyu da wasu maza na unguwa suka iso, da laka har gwiwa, riƙe da sanduna da fartanya. Ƙofar kwanon da muka kafa ta wucin gadi da ƙafa ɗaya Bello ya ɓalle ta. Na tare su a ƙasan matakala ina zage-zage maimakon in ba da haƙuri, kafin in rufe baki sanda ta sauka a kafaɗata, ta biyu ta fasa mini gira, jini ya rufe mini ido ɗaya. Na kai wa wani naushi a baki na ji haƙorinsa ya yanke mini hannu, aka shaƙe ni ta baya aka buga kaina da bango, na fizge da ƙyar na haye sama da rarrafe. Leburori duk sun dire ta katanga. Aka farfasa gilashin motata, aka kife durom ɗin ruwa, aka yayyaga buhunan siminti. Bitrus kaɗai ya rage, ya fita bakin baranda ya ɗaga hannu biyu sama yana cewa ku yi haƙuri, don Allah ku yi haƙuri, ku jira Baba ya zo.

Ni ina bayansa, a cikin ƙofar da ke fita barandar, daga ƙasa ba a ganina sosai. Na leƙa na ga Bello ya jawo gilasan nan waje ɗaya bayan ɗaya yana sa musu fartanya. Kowane ya fashe sai in ji kamar a ƙirjina. Akwai rabin bulo a gefen ƙafata. Ba zan ce muku shaiɗan ba ne, ba zan ce ban san na ɗauka ba, na sani, na ɗaga shi da hannu biyu na auna kan Bello na jefa ta gefen kafaɗar Bitrus. A daidai lokacin Baba Alu ya shigo yana haki, ya riƙo rigar Bello ta baya yana janye shi. Na ga tsohon ya ɗago kai. Bulon a gefen kansa ya sauka, ƙarar har yanzu tana kunnena, ya zube a kan fasassun gilasai, hularsa ta yi gefe, jini yana bin rairayi.

Sai duk suka ɗaga kai, wanda suka gani a bakin baranda da hannu a sama shi ne Bitrus. Ya juyo ya kalle ni, ni kuma na ja da baya. Da na ji tafiyarsu a matakala na faɗa wani ɗan banɗaki da ba a gama ba na jawo fallen katako na rufe kaina. Daga nan nake jin komai. Suka kama shi suna duka, suka jawo shi ta ƙafa a kan matakalar da shi ya zuba da hannunsa, kansa yana bugun kowane taki. A ƙasa suka danne hannunsa na dama a kan bulo, wai hannun da ya yi jifa, suka sa ƙotar fartanya suka daddatse shi. Yana ihu yana cewa ba shi ba ne, suna ce masa to wane ne, bai faɗa ba, sai kira yake Oga, Oga. Ni da nake fasa ofis da tsawa, ni da na mari magini a kan bango, ina tsugune a bayan katako na toshe bakina da hannu don kada a ji numfashina. Na ji wani yana cewa a kawo fetur. Allah ya sa mai unguwa ya riga ya kira 'yan sanda, su suka ƙwace shi, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Da aka zo ɗaukar bayani na ce jini ya rufe mini ido, ban ga wanda ya yi jifa ba. Raunin da ke fuskata ya sa kowa ya yarda, har jaje ake yi mini. An kai Baba Alu asibiti bai san inda kansa yake ba, an kai Bitrus aka ɗaure masa haƙarƙari da hannu, daga nan aka wuce da shi ofishin 'yan sanda, yana can har yau. Mutum bakwai sun ba da shaida cewa shi suka gani. Ranar Litinin za a kai shi kotu.

Mutum biyu na gaya wa gaskiya, yayana da matata. Yaya ya ce in kama bakina, in ɗaukar wa Bitrus lauya mai kyau in kula da iyalinsa, in Baba ya warke za a sasanta a wuce wurin, amma in na buɗe baki aikina ya tafi, gidan za a ƙone shi, ni kuma ko kotu ta bar ni su Bello ba za su bar ni ba, ya ce in tuna yara huɗu. Matata kuwa kallona kawai ta yi, ta ce ko da zinariya na shafe gidan nan ita ba za ta kwana a ciki ba, tun ranar abinci take ajiye mini ta tashi. Matar Bitrus ta zo har ofis ta durƙusa mini a gaban mutane tana cewa in taimaka, ni ne mijinta ke yabo kullum, ni kaɗai suka sani a garin nan da zai iya tsaya musu. Ta ce sun kwashe yaran daga gida sun kai wurin 'yar uwarta don ana zuwa ana nuna ƙofarsu. Na ce mata in sha Allahu, ban iya haɗa ido da ita ba.

Sai da na yi kwana tara kafin na iya zuwa ganin Bitrus. Aka fito da shi, fuska a kumbure, hannun a naɗe an rataye masa a wuya, likita ya ce yatsu uku ba lallai su sake lanƙwasuwa ba, magini kuma da me yake cin abinci in ba hannun nan ba. Na zaci zai tofa mini yawu, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya bari ɗan sandan ya matsa, ya ce a hankali:

"Oga, ni ban faɗa ba. Ko na faɗa wa zai yarda da ni a kanka? Ina jira ne ka faɗa da kanka."

Na fara yi masa maganar lauya. Ya katse ni ya ce in an samu wanda zai je wurin ginin a mayar da zanar nan, don ya tabbata matan gidan can har yanzu a ɗaki suke.

Daga nan Dundaye na wuce, da rana tsaka lokacin da maza suke fadama. Ba maginin da zai yarda ya taka wurin yanzu, ni na hau da kaina. Cokalin ginin Bitrus yana nan a cikin kwanon kwaɓi, simintin ya bushe ya riƙe shi. Shekara guda ina hawa barandar nan, kullum can nesa nake kallo, ranar ce kawai na sunkuyar da kai na kalli ƙasa. Komai a tafin hannu, turminsu, igiyar shanya, tabarmar da Baba ke kishingiɗa, makewayin nan har butar da ke ciki. Sun yayyafa tsofaffin buhuna da zannuwa a kan sanduna sun rufe rabinsa, iska ta yaye gefe ɗaya. Tsakar gidan ba kowa, da zafin nan, sai kaji. Na tuna matata da 'yata mai shekara goma sha huɗu, na ce da ni ne Bello da abin da zan yi ya fi haka. Na ɗaure zanar da hannu ɗaya da haƙori, don kafaɗar da aka doka ba ta warke ba, na sauko.

Jiya aka ce Baba Alu ya farfaɗo yana magana kaɗan-kaɗan, gefen jikinsa ɗaya ba ya motsi sosai. Na je dubiya don in ban je ba za a yi zargi. Bello yana bakin ƙofa, bai amsa sallamata ba amma bai hana ni shiga ba. Tsohon ya rame, kai a naɗe, ya yi wa matarsa alama ta ba mu wuri. Na durƙusa gefen gadon ina yi masa sannu, ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya jawo ni kusa.

"Na gan ka, ɗana. Kai na kaj jeho shi."

Na fara kuka ina cewa ya yafe mini. Ya ce in yi shiru kada a ji. Ya ce bai gaya wa kowa ba kuma ba zai faɗa ba, ba don ni ba, don ya san ɗansa, in Bello ya ji daga bakinsa kafin magariba zai kashe ni, shi kuma ba zai iya kwanciya a nan a rataye masa ɗa ba. Ya ce nasa jinin ya yafe. Sannan ya ƙara da wannan:

"Amma wancan bawan Allah da anka ruhe, kullum shina zuwa zaurena shi yi sallama. Hakkinai ba ni iya yahe ma shi. Wanga kai ad da shi."

To 'yan uwa, ga inda nake. Mutum biyu sun ga abin da na yi, wanda na fasa wa kai da wanda aka karya saboda ni, kuma duk su biyun sun rufa mini asiri, ni kaɗai ne ban yi komai ba. Gidan ya fita raina, gobe a ce in rushe barandar da guduma zan rushe, amma rushe ta ba zai fito da Bitrus ba. In na je na faɗi gaskiya, ina tsoron kurkuku, ina tsoron aikina, na fi tsoron Bello, kuma ina tsoron in jawo abin da tsohon nan yake kwance yana gudu. In na bi maganar Yaya na yi shiru, mutumin da ya ce mini sau biyu bari in je in faɗa a zaure shi za a yanke wa hukunci, ga hannu ya tafi, ga yaransa a gidan wasu.

Don Allah kada ku ce mini in yi addu'a kawai, ina yi, kuma duk sanda na ɗaga hannu muryarsa nake ji yana kiran Oga. Ku gaya mini ta ina zan fara. In fara kwashe iyalina daga gari sannan in kai kaina ofishin 'yan sanda? Ko in samu mai unguwa da limami su zaunar da Bello in faɗa a gabansu? Akwai lauya a cikinku da zai gaya mini abin da zai same ni in na canza bayanina? In kuma akwai wanda yake ganin shirun ne daidai, ya gaya mini yadda zan kalli matar Bitrus ranar Litinin a bakin kotu, don ta ce za ta tsaya ta jira ni mu shiga tare. Yau Alhamis.